Canza Farfelar Ƙaramin Jirgin Sama: Me Ya Sa Ba A Yi Kamar Na Mota A Ladipo?

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta Agege da yamma, wani ƙaramin jirgi ya wuce ta kanmu zai sauka Ikeja. Sai wani ƙanena mai gyaran mota ya ce da ni, "Yaya, wannan farfelar ta gaban jirgin, in mutum ya samu wadda ta fi ta kyau, ba sai ya kwance ya ɗaura ba kawai?" Na yi shekaru ina aikin ajiye takardun gyara a rumfar ƙananan jirage, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar a nan, musamman don yaranmu masu sha'awar wannan aiki, da 'yan kasuwarmu da ke tunanin sayo tsohon jirgi daga waje.

Amsar a taƙaice ita ce a'a. A Ladipo in kaya ya shiga mazauninsa, noti ya ɗauru, an gama magana. A jirgin sama kuwa, farfelar da ba ta da takardar amincewa, ko sabuwa ce fil, ba ta halatta a tashi da ita ba.

Ire-iren farfela

Iri biyu ne manya. Akwai mai kafaffen karkata, wato yadda aka ƙera hannuwanta haka za su zauna, irin ta jirgin koyo Cessna 172. A cikinta ma akwai wadda aka yi don saurin hawa sama, akwai wadda aka yi don gudu a doguwar tafiya, kuma in ka samu ɗaya ka rage ɗaya. Iri na biyu ita ce mai sauya karkata: wata na'ura ce ke amfani da man inji tana juya hannuwan, injin ya tsaya a gudun da matuƙi ya zaɓa. Kamar giyar mota take.

Sanannun masu ƙera ta su ne Hartzell, McCauley da Sensenich a Amurka, sai MT-Propeller a Jamus. Wasu na alminiyam ne, wasu katako ne da aka lulluɓe da zare mai ƙarfi, wasu zaren kabon.

Me ke sa a canza?

Galibi masu jirgi suna barin mai hannu biyu su koma mai hannu uku. Mai ukun takan fi gajarta, don haka tana nesa da ƙasa, tsakuwa ba ta cika cin bakinta ba a filin da ba kwalta. Ƙararta ta fi sauƙi, kuma sau da yawa ta fi jan jirgi wajen tashi. Wannan yana da amfani a ƙasa mai zafi irin tamu, domin iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi yakan ci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Amma fa ta alminiyam mai hannu uku ta fi nauyi, nauyin kuma a can kan hancin jirgi yake, wani lokacin ma gudun tafiya yakan ɗan ragu.

Me ya sa hukuma ta tsananta?

Ku duba lissafin nan. Farfela mai faɗin inci 76 da ke juyawa sau 2,700 a minti ɗaya, bakin hannunta yana gudun kusan kilomita 980 a awa. Ƙarfin da ke fizgar kowane hannu daga gindinsa ya haura tan 10. In ɗan guntu ya ɓalle a sama, girgizar da za ta biyo baya tana iya tsinke inji daga mazauninsa cikin daƙiƙoƙi.

Sannan kowane inji da irin kaɗawarsa. Farfelar da ta zauna lafiya da wani inji, a kan wani sai ta riƙa rawar da ido ba ya gani, har ƙarfen ya gaji ya tsage. Shi ya sa a wasu jirage za ka ga an yi alama a agogon inji, an hana matuƙi daɗewa a wani gudu. Wannan ba abin da makanike zai gane da kunne ba ne, komai ƙwarewarsa. Sai an gwada da na'urori.

Yadda ake samun izini

Na farko, kowane samfurin jirgi yana da takardar shaida daga hukumar ƙasar da aka ƙera shi, wadda ta lissafa injuna da farfelolin da aka yarda da su. In wadda kake so tana ciki, aikinka ya zo da sauƙi.

Na biyu, in ba ta ciki, sai a nemi ƙarin takardar shaida da ake kira STC. Yawancin ƙananan jirage ƙirar Amurka ne, don haka hukumar FAA ce ke bayarwa, a Turai kuma EASA. Kamfani ne ke kashe kuɗi ya yi gwajin girgiza, ƙara, zafin inji da tashi, sannan a ba shi takardar. Ta wannan farfelar ce, a kan wannan injin, a jikin wannan samfurin jirgin kaɗai. Dokar Amurka ta ce sai mai takardar ya ba ka izini a rubuce kafin ka yi amfani da ita. Hoton takardar wani ba ya yi maka aiki.

Na uku, a duba rajistar jirgin. In lambarsa ta fara da N, na Amurka ne ko da a Ikeja yake kwana, kuma sai an cike fom mai lamba 337 na FAA, injiniya mai ikon dubawa ya sa hannu. In ta fara da 5N, na Najeriya ne, maganar tana hannun NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ƙarƙashin kashi na 5 na dokokinta, wanda ya shafi lafiyar jirgi. Canza farfela zuwa wani samfuri babban sauyi ne, don haka a kai wa hukuma takardu tun kafin a taɓa sifana.

Na huɗu, ɗaurawa aikin injiniya ne mai lasisi ko wurin gyaran da hukuma ta amince da shi. Bayan nan a sabunta lissafin nauyin jirgi da daidaitonsa, a saka ƙarin shafukan a littafin matuƙi, a rubuta komai a littafin tarihin jirgi da na farfela, a kuma sanar da kamfanin inshora.

In aka tsallake waɗannan, takardar lafiyar jirgin ta daina aiki, inshora kuma na iya ƙin biya ranar da tsautsayi ya faru. Na taɓa ganin jirgin da aka sayo daga waje da kyakkyawar farfela mai hannu uku, amma ba a samu takardarta a cikin fayil ba. Watanni ya yi a ajiye, mai shi yana biyan kuɗin rumfa.

Ga mai shirin saye

Tokumbo ba laifi ba ce, in da tarihinta. A nemi lambar jikinta, awannin da ta yi, da ranar da aka yi mata babban garambawul. Da yawa daga cikin masu sauya karkata, kamfani yana son a buɗe su bayan awa 2,000 zuwa 2,400, ko shekara 5 zuwa 6, duk wanda ya riga zuwa. A Legas da Fatakwal shekarun ne suka fi cin mutum, domin laima da iskar teku suna cin ƙarfe ko jirgi bai tashi ba. A kuma tambaya ko ta taɓa dukan ƙasa, don in ta taɓa, injin ma sai an bincike shi.

Ƙanen nawa da ya gama ji sai ya ce, "To Yaya, ashe rabin aikin biro ne." Na ce masa haka ne, kuma in da gaske yake so, Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi. Hannu dai yana da shi, saura takarda.