Sirrin Majalisar Tuhuma a Amurka

Tun shekarar 1166, zamanin Sarki Henry na Biyu na Ingila, ake tara mutanen gari su tantance wanda ya cancanci a gurfanar da shi gaban alƙali. Ingila ta watsar da wannan al'ada, Amurka kuwa ta riƙe ta. A tsarin tarayyarta, mutum 16 zuwa 23 ke zama cikin ɗaki a rufe, babu alƙali, babu lauyan wanda ake zargi, sai mai gabatar da ƙara da shaidunsa. Hikimar ita ce shaida ya saki baki ba fargaba, wanda aka wanke kuma kada sunansa ya ɓaci. Sai dai a ganinmu, zaman da mutum ɗaya ke jan akalarsa abin tsoro ne.

Mu dubi badaƙalar Watergate. Ranar 1 ga Maris 1974 majalisar ta tuhumi mutanen Shugaba Nixon su bakwai, shi ma ta ambace shi a asirce cikin masu haɗa baki. Jama'a ba su ji ba sai watan Yuni. Rahotonta kuwa a rufe Alƙali John Sirica ya miƙa shi ga kwamitin majalisar wakilai. Nixon ya yi murabus a watan Agusta, amma rahoton bai fito fili ba sai 2018.