Amsoshin Takardunku: Kalmar "Matronly", Yabo Ce Ko Ba'a?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kwanar Dangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Ya ce ƙungiyarsu za ta karrama uwar ƙungiya, sai sakatare ya rubuta jawabi da Turanci, ya siffanta Hajiya da "matronly". Wani malamin makaranta ya ce a goge, wai kalmar tana da ƙaiƙayi. Shi ne yake tambaya, wa ke da gaskiya?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Sai ka gyara zama, domin kalmar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mu.

Asalinta daga Latin ne, harshen mutanen Rum na da. A wurinsu "mater" ita ce uwa, "matrona" kuwa matar aure ce 'yar asali, mai riƙe da gida. Har sutura ta musamman gare ta, doguwar riga mai sauka har ƙafa, wadda da ganinta an san matar aure ce. Kowace shekara ran 1 ga watan Maris ana yi wa irin waɗannan mata biki, mazajensu su ba su kyauta, su kuma su dafa wa bayin gida abinci. Ka ga ke nan tun fil azal kalmar girma ce.

Ta shiga Turanci ta hannun Faransanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, ta zama "matron". A tsakiyar ƙarni na 16 aka fara kiran matar da ke shugabantar mata masu jinya da wannan suna, kamar a asibitin Saint Bartholomew na birnin Landan. Da Florence Nightingale ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin Saint Thomas a 1860, sai muƙamin ya ƙara ƙarfi: nas-nas, da wanki, da abinci, da tsaftar ɗakuna duk suka koma ƙarƙashin mace guda. Da wannan tsari Turawan mulkin mallaka suka zo mana, shi ne muka sami metiron a asibiti da makarantun kwana na 'yan mata. Abin mamaki, su Ingila sun soke muƙamin bayan wani rahoto na 1966, suka sake dawo da shi a 2001. Mu kam ba mu taɓa sakin sunan ba. Duk wanda ya yi jinya a asibitin Tudun Wada ko Bebeji ya san idan aka ce ga metiron nan, kowa sai ya shiga taitayinsa.

Ita kuwa "matronly" siffa ce da aka ciro daga "matron", ma'ana mace mai kamala da natsuwa irin ta uwa. Amma fa yau da gobe ta canza mata launi. Bature na yanzu in ya ce mace "matronly" ce, galibi abin da yake nufi shi ne ta manyanta, ta yi jiki, tufafinta kuma na tsofaffi ne. A nan gizo ke saƙa. Mu a wurinmu in aka ce Hajiya ta yi ƙiba, an yaba ne, alamar hutu da wadata. Su kuwa suka ce.

Kada ka yi mamaki, mu ma muna da irin wannan. Dubi kalmar Magajiya. A tarihin Daura sarauta ce ta matan da suka riƙe gari, kamar Magajiya Daurama. Amma a wasu garuruwa sai aka ara sunan aka laƙaba wa shugabar mata masu zaman kansu, har ya zama sai ka duba wurin da kake kafin ka kira mace da shi. Sauran sunayen kam sun tsira da mutuncinsu: Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, Mai Babban Ɗaki da Uwar Soro a gidan Sarkin Kano. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata take zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa neman ilimi. Wato mu shekarun mace rawani ne a kanta, ba abin ɓoyewa ba.

Saboda haka malam, ga hukunci. Sakatarenku bai yi zagi ba, tsohuwar ma'ana ya bi. Amma malamin makaranta ya fi shi gaskiya, domin magana zarar bunu ce, kuma a taro ba ka san wanda zai fassara wa Hajiya ba. Ku kira ta "matron" ɗin ƙungiya, wannan daidai ne. In halinta na uwa kuke son yabawa, ku ce "motherly". Budurwa ko amarya kuwa, kul, kada a gwada mata "matronly".

Ni da za ku ji shawarata, ku yi jawabin da Hausa. Ku ce dattijuwar arziki, uwa ma ba da mama, kowa a wurin ya ji, ita ma ta ji.

Muna gaida masu saurarenmu na Kiru, Bebeji, Tudun Wada, har can Doguwa. A ci gaba da aiko da takardu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.