Bishiyar Alda a Dausayin Spreewald na Ƙasar Jamus

Alda bishiya ce ta ƙasashe masu sanyi wadda rayuwarta ta ta'allaƙa da ruwa. Masana tsirrai na kiran nau'in da ya fi yawa a Turai da suna Alnus glutinosa, kuma tsayinsa kan kai mita 30. Ɗaya daga cikin wuraren da ya yi suna da wannan bishiya shi ne Spreewald, wani dausayi a jihar Brandenburg, kimanin kilomita 100 kudu maso gabashin birnin Berlin, inda kogin Spree ya rarrabu zuwa ɗaruruwan ƙoramu. A shekarar 1991 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu.

Alda ta fi yin cincirindo a gaɓar ƙoramu da kwaruruka masu laka, musamman a dajin Hochwald da ke kusa da garin Lübbenau. A kan tudu kuwa, inda ƙasa ta fi bushewa, wasu itatuwan ne ke mamaye wurin. Dalili shi ne, saiwarta na jure ƙasar da ruwa ya jiƙe sharkaf, sannan ruwan ne ke kwasar 'ya'yanta ya kai su sabuwar gaɓa su tsiro.

Kamar yadda gawo ke yi a gonakin ƙasar Hausa, alda na ƙara wa ƙasa ƙarfi. A jikin saiwarta akwai ƙullutai masu ɗauke da ƙwayoyin bakteriya da ke janyo sinadarin nitrojin daga iska. Saiwar kuma tana riƙe gaɓa daga zaizaya, katakonta kuwa ba ya ruɓewa muddin yana nutse cikin ruwa.

Sai dai ruwan da ke raya ta shi ne kuma ke iya halaka ta. Ta cikinsa ne cutar Phytophthora, wadda aka fara ganowa a jikin alda a Birtaniya a 1993, ke yaɗuwa tana ruɓar da saiwa da gindi. Haka nan, wani kaso mai yawa na ruwan Spree daga mahaƙar kwal ta yankin Lausitz ake zuƙo shi. Jamus ta tsai da shekarar 2038 a matsayin wa'adin daina amfani da kwal, don haka ake fargabar ruwan kogin zai ragu, dausayin ya bushe, dazukan alda su tsuke.