Wa Ya Shata Hanyar Gaɓar Kudancin Tasmaniya?

A kudu maso yammacin tsibirin Tasmaniya, a ƙasar Ostiraliya, akwai hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 85 da ake kira South Coast Track, daga Melaleuca zuwa Cockle Creek. Masu yawon daji kan yi kwana shida zuwa takwas a kanta, ana kuma yi mata kirari da ƙungurmin dajin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Tarihi bai yarda da kirarin nan ba. Tun kafin Turawa su zo, 'yan asalin wurin, Needwonnee, suna bin gaɓar suna cin albarkar teku, suna cinna wa fili wuta lokaci-lokaci, kuma ƙunar nan na cikin abin da ya hana kurmi cinye filayen ciyawar da matafiyi ke ratsawa yau. A 1830 wani Bature, George Augustus Robinson, ya bi gaɓar, 'yan asalin Tasmaniya Truganini da Woorraddy na cikin masu yi masa jagora, ba a jima ba aka kwashe mutanen yankin daga ƙasarsu. A farkon ƙarni na 20 aka sare hanyar domin waɗanda jirginsu ya kife su samu mafita. Deny King, mai haƙar kuza da ya zauna a Melaleuca, shi ya share filin saukar jirgi a shekarun 1950, kuma nan ƙananan jirage ke sauke matafiya har gobe, don mota ba ta isa wurin.

Sauƙin hanyoyin da wahalarsu ma sun biyo sawun mutane ne. Inda aka zauna aka yi aiki, tafiya ta yi laushi: a Melaleuca akwai zagayen Needwonnee na kilomita ɗaya da 'yan kai bisa katako, daga Cockle Creek kuwa ana zuwa South Cape Bay a dawo a wuni guda. Tsakiyar ce aka bari da tsaurinta. Wani zai ce ai ba mutum ya dasa tsaunin Ironbound ba, wanda ake hawan mita 900 da kaya a baya. Haka ne, amma rashin gada a bakin New River Lagoon shawara ce ta hukuma: kwalekwale aka ajiye, matafiyi ya tuƙa da kansa, ya kuma tabbatar ya bar ɗaya a kowane tsallake saboda na baya.

Masu ƙorafin cewa shimfiɗa katako ya ɓata dajin sun fi wancan hujja, sai dai laka ce ta jawo shi. Kowa na kauce wa taɓo, takalma na cin gefen hanya har ta zama fadama. Tun da yankin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1982, kowane taku a can sai da wani ya zaɓi a gyara shi ko a bar shi.