Yedina, Mutanen Tsibiran Tabkin Cadi: Al'ummar da Ruwa ya Zame wa Ganuwa

Gabatarwa

A kasuwannin ƙasar Hausa, daga Kurmi ta Kano har Damagaram da Maradi, an daɗe da sanin wata kanwa mai daraja da ake kira ungurnu. Sunan ya samo asali daga Ngurno, wani garin Barno da ke yamma da tabkin Cadi, amma ba a can ake haƙo ta ba. Daga gabashin tabkin take fitowa, a ƙasar Kanem, kuma a zamanin da, kafin ta hau jaki ko raƙumi sai ta ƙetare ruwa. Masu ƙetarar da ita su ne mutanen da maƙwabta ke kira Buduma, su kuwa suke kiran kansu Yedina. Ke nan Bahaushe ya jima yana cin moriyar gumin wasu mutane da bai san ko sunansu ba.

A yau, in an ambaci Buduma, abu biyu ke zuwa a rai: ƙafewar tabki da rikicin Boko Haram. Sai dai tarihinsu ya fi haka zurfi. Tabkin Cadi ya sha janyewa yana dawowa, kuma Yedina sun san yadda ake zama da shi. Abin da ya fi yi musu illa shi ne haƙƙinsu bisa tsibirai da makiyaya bai taɓa shiga takarda ba, domin ruwa ne ke tsare musu shi. Ranar da ruwan ya ja baya, sai shaidar mallakarsu ta tafi tare da shi.

Zamanin da ruwa ke tsaro

Tabkin Cadi faffaɗa ne amma ba shi da zurfi, don zurfinsa bai wuce ƴan mitoci ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da Logon, sa'annan Komadugu Yobe ya kawo ɗan abin da ya samu daga yamma. Tsibiran da ke gefensa na gabas da arewa kawunan tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye. A nan Yedina suka kafa garuruwansu, dangi-dangi, kowane dangi da tsibiransa da wuraren kiwonsa, ba tare da wani babban sarki guda da ya haɗa su ba. Sunan Buduma kuwa Barebari ne suka laƙaba musu, ma'anarsa mutanen ciyawa, saboda duhun ciyayin ruwa da suke zaune a ciki.

Da wannan ciyawa suke ɗaure jirginsu da ake kira kadey, wanda ke ɗaukar mutane da kanwa har da dabbobi. Suna kuma da wani icce marar nauyi da mutum ke kwantawa a kansa ya yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Amma dukiyar Bayedine ta gaskiya ita ce saniya. Shanun Kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, ba su da doro irin na shanun Fulani, kuma in ciyawa ta ƙare a wani tsibiri sai su faɗa ruwa su yi iyo zuwa wani, makiyayi na biye. Da shanu ake aure, da su ake auna girman gida. Madara da kifi su ne cimar yau da kullum.

Daular Barno, duk da dawakinta, ba ta iya mallakar tsibiran ba, saboda doki ba ya yaƙi cikin ruwa. Hasali ma mutanen gaɓa ne ke tsoron Yedina, don sukan fito da dare cikin jiragensu su kai hari, su kwashi dabbobi da mutane, su ɓace cikin ciyawa kafin gari ya waye. Baturen Ingila Denham, wanda ya iso bakin tabkin a shekara ta 1823, ya ji labarinsu daga bakin waɗanda suke kai wa harin. A 1851 ne Bajamushe Overweg, abokin tafiyar Barth, ya harhaɗa wani jirgi da aka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma ta hamada, ya shiga tsibiran, kuma mutanen suka karɓe shi hannu biyu. Hausawa na cewa ƙarfin kada a ruwa yake. Muddin ruwan na nan, babu mai tambayar Yedina shaidar mallakar tsibiransu.

Iyakoki bisa ruwa

Zuwan Turawan mulkin mallaka ya kawo ƙarshen hare-hare, ya kuma kawo abin da tabkin bai sani ba, wato iyaka. Faransa da Ingila da Jamus suka raba shi a bisa taswira. Tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka daga kogin Kwara zuwa tabkin tsakanin 1906 da 1909, ta tarar da wani abin mamaki: gefen arewa na tabkin ya bushe, har ana bin sa da ƙafa. Wannan shaida ce cewa janyewar ruwan ba baƙon abu ba ce. Daga baya Tilho ya kasa yanayin tabkin gida uku, babba da matsakaici da ƙarami, kuma masana na aiki da wannan rabo har yanzu.

A ƙarni na 20 ne Musulunci ya game tsibiran, cuɗanya da Kanembu da Barebari ta ƙaru. Bayan samun ƴancin kai, Yedina suka wayi gari a rarrabe cikin ƙasa huɗu: Cadi, inda mafi yawansu suke, da Nijar da Nijeriya da Kamaru. A kowace ƙasa su ƴan tsiraru ne, nesa da babban birni. Ranar 22 ga Mayu 1964 shugabannin ƙasashen huɗu, cikinsu har da Diori Hamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka kafa hukumar kula da tabkin Cadi a birnin Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. A lokacin tabkin na cike, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25.000 a 1963, kuma Ngigmi gari ne na bakin ruwa. A shekarun nan ne tarun roba ya shigo, cinikin banda zuwa kasuwannin Nijeriya ya bunƙasa, masunta Hausawa da Jukunawa da mutanen Mali suka yi ta kwararowa. Kamun kifi, wanda a da na cin gida ne, ya koma sana'ar masu jari.

Da tabki ya zama fili

Farin 1972 da 1973 ya karya ruwan Shari. Wani tudu da ke nutse a tsakiyar tabkin ya fito fili, ciyayi suka rufe shi, tabkin ya rabu biyu. Gefen kudu ya ci gaba da samun ruwa kowace shekara, amma na arewa, wanda rabon Nijar ke cikinsa, sai abin da ya tsallako tudun. A 1975 ya bushe, kuma bayan farin 1984 ya yi shekaru yana bushewa a jere. A tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage a tabkin baki ɗaya bai kai murabba'in kilomita 2.000 ba. Komadugu ma bai iya cike giɓin ba, domin a can sama, a ƙasar Kano, an tare ruwan da ke ciyar da shi da madatsar Tiga a 1974, sa'annan da ta Challawa a 1992.

Inda ruwa ya janye, sai ga baƙar ƙasa mai danshi wadda ke ba da masara da wake ba taki ba ban-ruwa, ga kuma ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. A yankin da fari ya kashe gonaki da garkuna, wannan arziki ne da ba ya ɓoyuwa. Manoma suka sauko daga gaɓa, Fulani suka shigo da shanunsu, Larabawa da Tubawa da raƙumansu. Nan aka fara tambayar da ba a taɓa yi ba: wannan fili na wane ne? Bayedine ya ce nan ne shanun kakansa ke iyo. Sarakunan gaɓa suka ce ƙasa ce da ta manne da tasu, su ke da ikon raba ta da karɓar haƙƙinta. Baƙo kuwa ya ce ruwan Allah ne ya tafi ya bar ƙasar Allah. Su kansu ƙasashe ba su tsira daga gardamar ba: Cadi da Nijeriya sun gwabza kan tsibirai a 1983, kuma sai a 2002 kotun duniya ta yanke cewa yankin Darak, inda masunta daga Nijeriya suka bi ruwa suka zauna, na Kamaru ne.

A Nijar, kundin dokokin karkara na 1993 ya daidaita haƙƙin gado da na takarda, dokar 1997 ta ba makiyayi fifiko a mazauninsa na asali, ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Dokoki ne masu kyau, amma an tsara su ne don ƙasar da ke zaune wuri guda. Wurin da bana ruwa ne, baɗi makiyaya, shekara ta uku gona, yana da wuyar shiga rajista. Shanun Kuri ma suka shiga wani hali, domin da tsibiri ya haɗe da tudu sai suka gauraya da shanu masu doro, tsantsar irin ya yi ta raguwa, duk da ƙoƙarin adana shi a cibiyar kiwo ta Sayam a jihar Difa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya soma dawowa gefen arewa, kifi ya wadata, kasuwar Doro Lelewa ta cika da ƴan banda. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan adam, wanda ya fito a 2020, ya nuna tabkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba cikin shekaru ashirin da suka gabace shi, kuma an ga manyan ambaliya a 2022 da 2024. Abin da sauyin yanayi ya kawo shi ne rashin tabbas: makiyayi da masunci ba su iya sanin inda ruwa zai tsaya baɗi. Maganin rashin tabbas a wurin Yedina tun kaka da kakanni shi ne ƙaura da sauya sana'a. To, wannan maganin ne yaƙi ya zo ya hana.

Ƙaurar 2015

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Ranar 25 ga Afrilu suka afka wa tsibirin Karamga, inda hukuma ta ba da sanarwar rasuwar soja 46 da fararen hula 28. Bayan ƴan kwanaki aka umurci duk mazauna tsibiran Nijar da su fice. Mutane wajen 25.000 suka nufi Ngigmi da Boso, da yawa a ƙasa cikin zafin bazara, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. An bar jirage da taruna da garkuna. An hana kamun kifi da cinikinsa don toshe wa ƴan ta'adda hanyar kuɗi, kuma sai a 2019 aka sassauta hanin.

A kan wannan asara aka ɗora musu zargi. Da yake wasu samarin tsibirai sun bi ƙungiyar, wasu don kuɗi wasu bisa tilas, sai aka shafa wa al'umma duka baƙin fenti, wake ɗaya ya ɓata gari. Alhali kuwa su ne suka fi kowa kusa da wutar. A 2016 an yi arangama tsakanin su da wasu makiyaya kan wuraren kiwon cikin tabki, abin da ya nuna tsohuwar tambayar mallakar fili tana nan a ƙarƙashin rikicin.

Makomar harshe

Harshen Yedina ɗan'uwan Hausa ne na nesa. Dukansu daga iyalin harsunan Cadi suke, Hausa a reshen yamma, Yedina a reshen tsakiya tare da harsunan Kotoko. Koelle ya sa kalmominsa cikin littafinsa na 1854, Lukas ya yi nazarinsa a 1939, sa'annan masani ɗan Nijar, Elhaji Ari Awagana, ya wallafa nahawunsa da Jamusanci a 2001. A wannan shekara ce dokar 31 ga Disamba ta lissafa shi cikin harsunan ƙasa guda goma. Sai dai makarantun gwaji da aka soma a Damagaram a 1973 da harsuna biyar suka yi aiki: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci.

Tsibiri ne ya riƙe harshen, kamar yadda ya riƙe shanun Kuri. Tun da daɗewa Bayedine na jin Kanembu ko Barbarci don kasuwa, amma in ya koma gida harshen uwa ke aiki. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira bayan 2015 kuwa, da Barbarci da Hausa yake wasa, kuma sunayen kifaye da ciyayi da iskoki da launukan shanu ba su da abin da za su nuna masa a bakin titi. Kalma na mutuwa ne in abin da take kira ya fita daga rayuwar mai faɗinta.

Kundin da aka kafa a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya sa Buduma cikin sauran harsunan da ake magana da su a Nijar. Wannan girma nauyi ne a wuyan masu Hausa, domin sun san zafin zama a bayan Faransanci cikin aji da ofis.

Kammalawa

Tarihin Yedina ya nuna ƙasa da sana'a da harshe igiya ɗaya ce ta ɗaure su. In zaman lafiya ya samu, tambayar farko ita ce wa zai koma tsibiran, kuma da wane haƙƙi. Amsa ta adalci sai ta yarda cewa dangin da ya yi kiwo da su a wuri tun kafin a shata iyaka yana da fifiko a wurin, ko da ruwa ko babu, ba tare da an kori baƙon da fari ya koro ba. Kafin wannan rana, akwai aikin da ba ya jira. Tsofaffin da suka san sunan kowane tsibiri da dangin da ke da shi suna nan a Ngigmi da Boso da Difa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na iya zama da su, su rubuta sunayen cikin harshensu, su koya wa yara. Abin da aka rubuta zai zama littafin karatu a aji, kuma zai zama shaida a gaban hukumar filaye ranar da za a sake raba tabkin.