Tarihin Jita Mai Babbar Murya

Kowace ƙungiyar makaɗa tana bukatar abin kiɗa guda mai kaurin murya wanda zai riƙe sauran, kamar yadda babbar ganga ta ke riƙe ƙanana. A Turai da Amurka abin da ya daɗe yana wannan aiki shi ne wani ƙaton goge mai tsirkiya huɗu, wanda tsawonsa ya kai wajen ƙafa shida. Ba a iya rungumarsa, sai dai a kafa shi a ƙasa, makaɗi ya tsaya a bayansa, ya goga shi ko kuwa ya riƙa fizgar tsirkiyar da yatsa.

To, wannan goge yana da aibi uku. Na fari nauyi da girma, gama makaɗan da ke yawo gari gari sau da yawa sai sun ɗaure shi a bisa rufin mota. Na biyu, wuyansa sumul ya ke, ba alamar inda za a danna, saboda haka sai wanda ya shekara da shekaru yana koyo zai fid da murya daidai. Na uku kuwa, da ƙahoni da ganguna suka yi yawa cikin ƙungiyoyi, sai muryarsa ta nutse, ana ganin hannun makaɗi yana motsi, amma ba a jin abin da ya ke kaɗawa.

Wanda ya fara neman magani shi ne Paul Tutmarc, mutumin birnin Siyatil. Wajen 1936 ya ƙera wani abin kiɗa na lantarki mai tsirkiya huɗu, wanda a ke rataya shi kamar jita. Amma kaɗan ya sayar, abin ya shuɗe ba a kula ba. Sai a 1951 Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fulaton ta jihar Kalifoniya, ya fito da nasa. Abin mamaki, shi kansa Fender bai iya kaɗa jita ba, sai dai yana da kunnen sauraron kukan makaɗa.

Ga yadda ya yi. Ya sassaƙa gangar jikin da katako tsintsa, ba rami a ciki. Ya sa tsawon tsirkiya inci 34, ya jera 'yan sandunan ƙarfe a gicciye bisa wuyan, don ko ɗan koyo in ya danna a bayan sanda murya ta fito daidai. Saboda wannan daidaito ne ya raɗa mata suna Precision. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ya dasa maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai ta ta da 'yar wutar lantarki, wutar ta bi waya zuwa akwatin ƙara murya, lasifika ta fid da ita. Tsirkiya mafi kauri takan yi rawa wajen sau 41 cikin daƙiƙa guda, shi ya sa a kan ji ta a ƙirji kamar yadda a ke jin ta a kunne. Wannan ita ce jitar da a ke kira bes.

Da farko manyan makaɗa sun raina ta, suna cewa wasan yara ce. Amma Lionel Hampton ya sa ta cikin ƙungiyarsa, kuma Monk Montgomery ya tafi da ita Turai tare da su a 1953. Sauran maƙera suka ga kasuwa. Kamfanin Gibson ya fito da tasa a wannan shekara, Höfner na Jamus ya biyo baya, Fender kuma ya ƙara wata mai siririn wuya a 1960, wadda a ke kira Jazz Bass. Irin ta Höfner ce Paul McCartney ya saya a Hambug a 1961. Shi bahago ne, ita kuwa ɓangarorinta biyu daidai su ke, ko an juya ta ba ta muni. An sace ta a 1972, ba ta koma hannunsa ba sai bayan shekara hamsin da 'yan kai.

Amma wanda masana suka fi ɗaukaka cikin wannan sana'a shi ne James Jamerson, baƙar fata, wanda aka haifa a 1936 a Karolina ta Kudu, daga baya ya koma Ditroyit. Da babban gogen nan ya fara, kana ya koma ga jitar Fender. Ya shiga aiki a kamfanin faifai na Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959. Kafin zuwansa mai kaɗa bes yakan tsaya ga murya biyu ko uku yana maimaitawa. Jamerson ya mai da ita mai magana, tana hawa tana sauka, tana amsa wa mawaƙi, amma ba ta taɓa sakin ganga ba. Da yatsa guda na hannun dama ya ke yin duk wannan. Ba ya canja tsirkiya sai ta tsinke, ba ya goge dauɗar wuyan jitarsa, gama a ganinsa a nan daɗin muryar ya ke.

Duk da haka, shekara da shekaru ba a rubuta sunansa a bayan faifai ba, don al'adar kamfanin ita ce a ambaci mawaƙi, a bar makaɗa. Mutane miliyoyi sun yi rawa da kiɗansa ba su san da shi ba. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On, aka buga sunansa. A 1972 kamfanin ya ƙaura zuwa Los Anjalas, ya bi su. Can ya tarar yayi ya juya, ana son sabuwar tsirkiya mai kaifin murya, shi kuwa ya ƙi barin tasa. Aiki ya ragu, giya ta ci ƙarfinsa, aka sace jitarsa, ya mutu a 1983 yana da shekara 47. Sai a 2000 aka sa sunansa cikin zauren girmama makaɗa na Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kan hanyar kaɗawa kuwa, makaɗa sun kasu. Carol Kaye, mace ce ta Los Anjalas, ta ɗauki bes a 1963 ran da mai kaɗa ta bai zo aiki ba, ta kuwa yi suna da ɗan guntun abin fizga mai tauri, wanda ke sa murya ta fito a rarrabe. Larry Graham yana kiɗa tare da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya da babban yatsa a maimakon babbar ganga, yana tsinkar wata a maimakon ƙarama. Haka aka sami kiɗan mari. Jaco Pastorius kuma ya cire sandunan ƙarfen nan daga wuyan tasa, ya cike gurabensu, watau ya koma ga abin da Fender ya gudu, ya sami murya mai zamewa kamar ta ɗan Adam. Faifansa na 1976 ya girgiza makaɗa. A tsibirin Jamaika, Aston Barrett, wanda ya yi kiɗa da Bob Marley, ya nuna cewa shirun da a ke bari tsakanin murya da murya shi ma kiɗa ne. A Afirka ma ta sami gwanaye, kamar Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu da Richard Bona na Kamaru.

Har wa yau gardama ba ta ƙare ba. Waɗansu sun fi son Precision don kaurin muryarta, waɗansu Jazz Bass don sauƙin wuyanta. Masu son tsirkiya mai santsi suna kafa hujja da Jamerson, masu son mai kaushi suna cewa ita ce ke ratsa hayaniya. An ƙera masu tsirkiya biyar da shida, amma huɗun nan na Fender su ne suka fi yawa a hannun makaɗa. Mai karatu zai lura cewa yawancin gwanayen nan jitar kamfani guda suka riƙe, duk da haka ba wanda kiɗansa ya yi kama da na wani. Ashe kyan kaya taimako ne, amma muryar a yatsu ta ke.

Fender ya sayar da kamfaninsa a 1965 a kan dala miliyan 13, ya mutu a 1991. Abin da ya ƙera don sauƙaƙa wa matafiya kaya ya zama harsashin kiɗan zamani, wanda ba a cika lura da shi ba sai ran da ya yi shiru.