Horar da Masu Bishara a Karkarar Nijar: Daga Tsibiri Zuwa Agye

A shekarar 1924 ne 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, suka kafa tasharsu ta farko a ƙasar Nijar, cikin birnin Damagaram. Ƙungiyar ta samo asali tun 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara can cikin ƙasar Sudan. Biyun farko sun rasu a 1894, Bingham kaɗai ya rage, kuma sai a 1902 aka samu tasha ta farko ta tsaya da ƙafarta a Patigi. Abin da ya kai su Nijar kuwa yana da nasaba da siyasar Turawan Ingila. Gwamnatin Arewacin Nijeriya ta daɗe tana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, don gudun ɓata wa sarakuna rai. Mutanen da suka sha wahalar koyon Hausa sai suka ga ƙofar Kano da Katsina da Sakkwato a rufe, suka waiwaya arewa, inda Hausawa ke zaune ƙarƙashin tutar Faransa.

Kafin shekarun 1920 su ƙare, sun buɗe wata tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Zaɓen wurin ba a banza aka yi shi ba. Tsibiri ita ce mazaunin sarautar Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Maraɗi kuma mazaunin Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga Daular Usmaniyya. A kwarin Gulbin Maraɗi akwai Anna masu bin addinin gargajiya, bori kuma yana da ƙarfi har cikin gidan sarauta. 'Yan mishan sun ɗauka cewa a irin wannan ƙasa za su sami kunnen da ba su samu a birane ba. Hasashen bai cika yadda suka so ba, domin mafi yawan Annan da suka bar addinin kakanninsu Musulunci suka shiga. Duk da haka, a nan ne aka samu 'yar ƙaramar jama'a ta masu bi, kuma daga cikinta aka fara horar da masu bishara.

Ba za a gane siffar wannan makaranta ba sai an san dokar da ta kewaye ta. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta wajabta wa Faransa barin 'yan mishan na wasu ƙasashe su yi aiki a yankunan da take mulka, amma a watan Fabrairu na 1922 gwamnatin Faransa ta fitar da doka kan makarantu masu zaman kansu a Afirka ta Yamma. Dokar ta ce ilmin zamani ba a koyar da shi sai da Faransanci, malamin kuma sai ya cika sharuɗɗan da hukuma ta gindaya. Ma'aikatan SIM galibinsu 'yan Kanada ne da Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan. Hausa suka koya a Nijeriya, Faransancinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Ƙofar da ta rage musu ita ce koyar da addini, wanda aka yarda a yi shi da harshen 'yan ƙasa. Ta wannan ƙofa makarantar Littafi Mai Tsarki ta shigo.

Zai zama kuskure a ɗora wa dokar Faransa dukan nauyin abin. Ita kanta SIM ba ta da sha'awar ilmin zamani a wancan lokaci. Shugabanninta suna ganin makarantar boko tana haifar da akawu da tafinta masu son albashi da kwat, alhali abin da suke nema shi ne mutumin da zai zauna a ƙauye, ya noma abincinsa, ya yi wa'azi. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta nuna yadda wannan ra'ayi ya zama tushen ƙorafin da masu bi suka riƙa yi wa mishan shekaru da dama. Doka da aƙida suka haɗu a wuri ɗaya, kowace tana ba ɗayar uzuri.

Samfurin makarantar daga Nijeriya aka ɗauko shi. SIM tana da makarantar horar da masu bishara a Kagoro tun farkon shekarun 1930, ƙungiyar SUM ta buɗe tata a Gindiri a 1934, daga baya kuma aka yi ta Tofa kusa da Kano. Duka a karkara aka gina su, kuma da gangan. Ɗalibi yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba shi ɗaki da gona. Da damina aikin gona ke cin rabin yini, da rani karatu ya fi yawa. Darussan ba su da yawa: karatu da rubutun boko, ɗan lissafi, tarihin Tsohon Alkawari, rayuwar Yesu, wasiƙun manzanni, haddar ayoyi, waƙoƙin sujada, da yadda ake tsara wa'azi. Ranar kasuwa ɗalibai sukan fita bibbiyu ko uku-uku zuwa ƙauyukan kewaye su gwada abin da aka koya musu, su dawo malami ya ji yadda ta kaya. Matan suna da nasu aji, na karatu da ɗinki da kula da yara, domin ana sa ran matar mai bishara ita za ta shiga gidajen da mijinta ba shi da ikon shiga. A ƙasar da kulle ke ƙara yaɗuwa, wannan rabin aikin ba ƙarami ba ne, ko da yake rahotannin mishan sun fi ambaton mazan.

Wanda ya san makarantar allo zai ga kamanni da yawa a nan, kuma mutanen ƙauye sun gani. Ɗalibi yana zaune kusa da malaminsa, yana yi masa noma, yana haddace nassi, sannan ya tafi ya kafa nasa zaure. Shi ya sa da mai bishara ya sauka a gari, sunan da ake kiransa da shi shi ne malam, kamar yadda ake kiran mai allo. Su ma masu bishara ba su ƙi sunan ba. Rigarsu da hularsu irin ta kowa ce, kuma da yawansu sun yi karatun Alƙur'ani kafin su canja addini, don haka sun san inda muhawara take zafi da inda take sanyi.

Littafin da makarantar ta dogara a kansa shi ne cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na CMS a Zariya ya ja gabansa tare da wasu 'yan mishan da Hausawa masu taimaka musu. Ga ɗalibin Hausa, nan ne labarin ya fi armashi. Fassarar ta ginu a kan Hausar gabas, ta Zazzau da Kano, aka kuma kai ta hannun Gobirawa da Katsinawan Maraɗi masu cewa tahiya a maimakon tafiya, ɗiya a maimakon 'ya, munka zo a maimakon muka zo. Ɗalibin Tsibiri yana karanta wata Hausa a aji, yana magana da wata a kasuwa. In ya tashi wa'azi, sai ya juya abin da ya karanta zuwa bakin mutanensa, wato yana yin fassara ta biyu a tsaye, ba tare da ya kira ta da wannan suna ba. A hankali karin littafin ya zauna a bakin masu bi, har ya zama akwai wata Hausa ta majami'a da ake ganewa daga jin addu'a.

Kalmomin ma suna da nasu tarihi. Masu fassara ba su da wata hanya sai su ari abin da Musulunci ya riga ya shuka a harshen: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, aljanna, Linjila, Attaura, Zabura. Amma a wasu wurare sun kauce da gangan. Sun zaɓi Yesu a kan Isa, sun ce addu'a da sujada ba su ce salla ba, sun ce majami'a ga ginin, ikilisiya ga jama'ar. Kowane zaɓi yana da farashi. Mai bishara da ya ce Isa, mutanen ƙauye sun san wanda yake nufi, amma sun san shi a matsayin annabi kamar sauran annabawa. In ya ce Yesu, ya tsira daga wannan fahimta, sai dai ya zama kamar yana kawo baƙon suna. Kalmar Ɗan Allah kuwa ita ce dutsen da kowane ɗalibi ya yi tuntuɓe da shi a kasuwa, domin a kunnen Bahaushe Musulmi tana nufin haihuwa ta jiki. Sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980 ta gyara rubutu da salon jimla, ta kuma yi amfani da Almasihu, amma ba ta kawar da wannan tuntuɓe ba.

Sai batun boko da ajami. Masu karatu a ƙasar Gobir da Damagaram ajami suka sani. An buga wasu sassan Linjila da ajami don rabawa, amma makarantar ta tsaya a kan boko, saboda da shi aka buga Littafin da littafin waƙoƙi da sauran takardun da ke zuwa daga Jos, hedikwatar mishan. Sakamakon haka shi ne wani abu mai ban mamaki: a ƙasar da gwamnati ba ta koyar da Hausa a makarantunta ko kaɗan, 'yan tsirarun Kiristoci na karkara suna cikin waɗanda suka fara karanta Hausar boko da rubuta wasiƙa da ita. Gwamnatin Nijar ba ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a firamare ba sai a 1973, a Damagaram.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta wa aikin. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa tana bin gwamnatin Vichy, iyaka da Nijeriya ta zama iyakar abokan gaba, masu jin Ingilishi kuma aka sa musu ido a matsayin 'yan leƙen asiri. Bayan yaƙin ne mishan ta faɗaɗa: asibitin Galmi a 1950, sannan wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi, a tsakiyar shekarun 1950. Waɗannan wurare sun zama mashigar ɗalibai. Wanda ya yi shekaru yana jinya a Danja, ya koyi karatu a can, ba shi da sauƙin komawa garinsu, sau da yawa makarantar Littafi Mai Tsarki ce mataki na gaba. Haka marayu da yaran gidan Turawa. Wannan asali ya bi ikilisiyar, domin a al'ummar da ke auna mutum da gidan da ya fito, saƙon da tsohon majinyaci ko maraya ya kawo ba ya samun nauyin da na ɗan malamai ke samu.

Rayuwar wanda ya gama ba mai daɗi ba ce. Ƙa'idar mishan ita ce ikilisiya ta ɗauki nauyin kanta, don haka albashi, in ma akwai, kaɗan ne. Mai bishara yakan nemi izinin mai gari, a ba shi fili, galibi a gefen gari, ya gina bukka da rumfar taro, ya shuka gero da gyaɗa kamar kowa. Abin da ke buɗe masa zauren mutane shi ne ɗan maganin ciwon ido ko na gyambo, da iya karanta takarda, da haƙurin zama. Wasu sun yi shekaru goma a gari ɗaya masu binsu ba su cika tafin hannu ba. Aurar da 'ya'ya da binne mamaci, abubuwan da dangi ke yi wa kowa, su sai sun nemi 'yan'uwa masu bi daga nesa.

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami 'yancin kai, kuma a daidai wannan lokaci ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka haɗu a ƙarƙashin sunan EERN, kamar yadda takwarorinsu na Nijeriya suka zama ECWA a 1954. A nan ne raunin tsarin ya fito fili. Sabuwar ƙasa da Faransanci take aiki: ofis, kotu, asibiti, soja. Shugabannin ikilisiya da makarantar karkara ta yaye sun ƙware a Hausa da nassi, amma ba za su iya rubuta wa prefe takarda ba. Katolika, waɗanda suka buɗe makarantun Faransanci a birane, sun yaye ma'aikatan gwamnati, ciki har da 'ya'yan Musulmi da yawa. Iyaye masu bi suka matsa wa mishan lamba a kan 'ya'yansu, aka samu firamare ta Faransanci a Tsibiri. 'Ya'yan da suka fito daga cikinta suka zama malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na gwamnati, suka dawo majami'a suna zaune a gaban fastocin da ba su da takardar shaidar da hukuma ta sani. Rashin jituwa tsakanin waɗannan rukunoni biyu, haɗe da gardama kan dukiya da makarantu da matsayin mishan, yana cikin abin da ya kai ga rabuwar EERN a wajajen 1990, inda wasu ƙungiyoyin ikilisiya suka ɓalle daga cikinta.

Horon da ake yi da Hausa bai mutu ba. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, a kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ita ta ci gaba da ɗaukar magidanta daga ƙauyuka tare da iyalansu, yayin da karatun tauhidi mai zurfi ya koma Yamai da Faransanci. Fannin noma ma ya sami sabon matsayi bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo Maraɗi a ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980, shi ya yaɗa dabarar barin kututturen itace ya sake tohowa a gona ana sassabe shi, a maimakon dashen da ke mutuwa kowace shekara. Dabarar ta fara ne daga gonar mishan ta Maza Tsaye da ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi, daga nan ta bazu daga manomi zuwa manomi, Musulmi da Kirista, har ta kai jihohin Damagaram da Tawa.